Ranar da Evelio Ya Sha Gahawa

An haifi Evelio Carbonell a wata gonar taba da ke bayan garin San Luis. Shi ne na shida cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne bai gaji ƙarfin mahaifinsu ba, domin ba ya iya kai sandar ganye daga gona zuwa rumfar shanya sai ya huta sau biyu a hanya. Abin da aka ba shi hanci ne. Yakan shiga rumfa ya ce ganyen kusurwar yamma ya soma lalacewa, a yi masa tsawa, bayan kwana biyu ido ya ga abin da ya faɗa. Mahaifinsa bai ɗauki wannan a matsayin baiwa ba, ya ɗauke shi iyayi ne irin na malalaci. Saboda haka da ya kai shekara goma sha bakwai aka tura shi Pinar del Río wurin ƙanwar mahaifiyarsa, ya shiga masana'antar taba yana yayyafa wa ganye ruwa. Shekara takwas ya yi a wannan aiki kafin a kira shi ɗakin ɗanɗano, inda ya ƙare rayuwarsa ta aiki.

Aikin ɗakin ba shi da yawa, amma yana da tsanani. Mutum biyar ne, kowa da teburinsa yana fuskantar bango don kada ya karanta fuskar ɗan'uwansa. Da ƙarfe takwas na safe ake ajiye wa kowa kara biyar na tabar da aka naɗa jiya da hannu, ganye zalla, babu tambari, babu sunan wanda ya naɗa, sai lamba a guntuwar takarda, lambar ma kullum sauyawa take yi. Mutum ya kunna, ya sha kamar faɗin yatsa biyu, ya rubuta yadda hayaƙin ke zuwa, da yadda wutar ke ci, da ƙanshi, da ɗanɗano, da ƙarfi. Tsakanin kara da kara ya kurkure baki da shayi marar sukari. Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta baki: ba giya tun daga yammacin jiya, ba tafarnuwa, ba turare, kuma ba gahawa sai an tashi daga aiki. A garin da jariri ke sanin ƙanshin gahawa kafin ya san sunan uwarsa, wannan doka ba ƙaramar azaba ba ce, kuma kowa ya san akwai masu karya ta a ɓoye. Evelio bai taɓa karya ta ba. Shi ya sa abokan aikinsa suka sa masa suna Alƙali, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Ana iya samun saɓanin ra'ayi a kan taba kanta, kuma waɗanda suka binne iyayensu saboda ita suna da hujjar da ba a raina ta. Amma amana amana ce ko a kan me aka ɗora ta. Masu naɗi ɗari da ashirin ne ke zaune a babban zaure, kuma darajar kowannensu tana rataye ne a kan abin da harsuna biyar suka shaida. Evelio ya fahimci wannan tun ranar farko, ya kuma biya farashinsa. Matarsa Zoraida ta zauna da shi shekara huɗu, sannan ta tattara kayanta ta koma Guane, tana cewa ba za ta tsufa a gidan da ake hana ta soya tafarnuwa kwana shida a mako ba. Ba ta yi ƙarya ba, kuma shi ma bai ce ta yi ba. Bai sake aure ba.

Ranar Asabar da yamma ce kaɗai take tasa, tun da babu aiki washegari. Yakan fito da kujera barandar gidansa, ya jera ƙananan kofuna uku, ya kunna ɗaya daga cikin karan da ake ba kowane ma'aikaci, ya yi ta gwada ta da abin sha iri-iri yana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Da shekaru suka taru, ya kai ga wasu hukunce-hukunce da ba ya sauka daga kansu. Taba mai sauƙi tana son gahawa da madara, domin kowannensu na barin wa ɗan'uwansa wuri. Taba mai ƙarfi tana son tsohuwar giyar rake, ba ƙanƙara, kurɓi kaɗan bayan hayaƙi, ba kafinsa ba. Ruwan lemo kuwa abokin gaba ne ga kowace taba. Akwai kuma hukuncin da ya ja wa layi biyu a ƙasa: baƙar gahawa mai yawan sukari tana lulluɓe ɗacin taba na tsawon awa biyu, saboda haka ita ce abin shan wanda ke son ya sayar da mummunan kaya. Babu wanda ya taɓa karanta littafin. Maƙwabta sukan wuce su ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu, ba mai hawowa baranda.

Duk da haka ba za a ce ba shi da kowa ba. Tun a shekararsa ta biyu a ɗakin ya lura da wani hannu. Lamba na sauyawa, amma hannu ba ya sauyawa. Wannan hannu yana rufe kan taba sumul, har farce ba ya samun inda ganyen ya ƙare. Ganyen saman shuka mai ƙarfi yana zaune daidai tsakiyar kara, na tsakiyar shuka mai ƙanshi ya kewaye shi, na ƙasa mai cin wuta yana waje, shi ya sa wutar ke tafiya a zagaye kamar an auna, tokar kuma ta tsaya fara ba ta faɗuwa. Bai tambayi kowa ba, domin tambaya haramun ce a aikinsu. Amma mutum yana da ido. Wata rana yana ratsa zaure, mai karatun da aka ɗauka don ɗebe wa ma'aikata kewa yana kan dakalinsa yana karanta wa masu naɗi jarida, sai ya ga wata mata a layin taga tana rufe kan taba da ɗan yatsanta na tsakiya ba tare da ta kalla ba. Sunanta Onelia Barrios.

Shekara talatin da ɗaya suka yi a haka. Idan sun haɗu a ƙofa ya ce, "Barka da safiya, Doña Onelia," ta ce, "Barka kadai, Don Evelio," kowa da laƙabin girmamawa irin na ƙasar. Ta yi aure, ta haifi 'ya mace, mijin ya mutu, duk ya ji ne a bakin mutane. Shi dai abin da ya sani shi ne, duk ranar Alhamis ake ɗibar samfuri daga layin taga, kuma cikin kara biyar ɗin nan sau da yawa akwai nata. Yakan gane shi tun kafin ya kunna, ya ajiye shi ya zama na ƙarshe. A gurbin bayani yakan rubuta kalma biyu da ƙaramin rubutunsa mai karkata: babu aibi. Bai ɗauki wannan son kai ba, kuma ba son kai ba ne, tun da gaskiya yake rubutawa. Sa'a ce kawai ta sa gaskiyar da abin da zuciyarsa ke so suka zo ɗaya na tsawon shekaru talatin. Mutum ba ya sanin wanne daga cikin biyun yake bauta wa sai ranar da suka rabu.

Sun rabu a wata Alhamis ta watan Fabrairu. Kan tabar sumul yake kamar kullum, amma da wutar ta ci faɗin yatsa ɗaya sai ta karkace gefe, wani ɗaci kuma ya taso ya zauna a bayan harshensa. Ganyen sama ya yi yawa, kuma ya gangara gefe. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya rubuta abin da ya ji. Alhamis ta gaba ma haka. A lokacin ya riga ya lura da yadda take ɗaga ganye kusa da fuskarta tana juya shi wajen hasken taga. Yanar ido ce ta soma rufe mata gani, launin ganyen sama da na tsakiya sun fara zama mata ɗaya.

Dokar gidan a fili take: rahoto marar kyau sau uku a jere, sai a sauke mai naɗi daga babban benci a mayar da shi ɗakin cire jijiyar ganye, wurin masu koyo da waɗanda hannunsu ya gaji. Kuma idan ra'ayin mutum biyar ya rabu, Fermín shugaban ɗaki takardar Alƙali yake bi. Evelio ya san duka wannan. Ya san idan Alhamis ta uku ta zo kamar 'yan'uwanta, ba zai ƙara riƙe tabar Onelia ba har ya mutu.

Mako guda ya yi yana shari'a da kansa, kuma ya kamata a bi hujjojinsa dalla-dalla, domin ba na wawa ba ne. Ya ce ba zai rubuta ƙarya ba, wannan a rufe yake. Amma me aka ɗauke shi ya rubuta? Abin da harshensa ya ji. Idan harshen bai ji ɗaci ba, ya rubuta bai ji ba, ina ƙaryar? Karkacewar wuta kuwa, kowa ya san mai juya kara a hankali yana iya daidaita ta. Ya ƙara da cewa likitoci suna cire yanar ido, wata uku kawai take bukata, kuma zalunci ne a rushe aikin shekara talatin saboda mako uku. Kowane mataki na wannan tunani yana da ƙafa, sai dai guda: bai tambayi kansa ko don ita yake yi ko don kansa ba. Masu kaifin hankali sun fi kowa iya tsallake tambayar da suka san amsarta.

Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai da rabi ya bi ta wata unguwa da ba a san shi ba, ya tsaya a tagar wata mai sayar da gahawa, ya sha ƙananan kofuna uku a tsaye, baƙa ƙirin, sukari har yana kwanciya a ƙasa.

A ƙofar ɗakin ya ci karo da Nicasio, wani mai ɗanɗano mai ƙiba da surutu, wanda ya fi shekara ashirin yana tsokanarsa. Nicasio ya ɗaga hanci yana shinshina iska.

"Kai, wa ya shigo mana da aljanna da sassafe? Fermín, zo ka ji, wani ya yi wanka da gahawa!"

"Bakinka ka shinshina, sarkin ɓarayi," in ji Fermín, bai ko ɗago daga takardunsa ba.

"Ni? Ni da matata ke kulle gwangwanin tana rataya makulli a wuya? Alƙali, kai ka raba mu, hancinka ya fi na kare. Wa ya sha?"

Evelio ya ce, "Na ratso ta kasuwa ne, ta kama rigata."

Nicasio ya fashe da dariya, ya buga masa kafaɗa. "Ka ji tsoho! Rigarsa ma ta fi shi jin daɗin duniya. Ranar da ka sha gahawa da safe, ni kuma ranar zan shiga gidan limaman coci in zama waliyyi."

Aka yi dariya aka zauna. Wannan ce ƙaryarsa ta farko a ɗakin, kuma ba ta cikin lissafin da ya yi.

Tabar Onelia ita ce ta huɗu a jeri. Ya kunna ta yana juya ta a hankali. Hayaƙin ya zo da laushi, zaƙi-zaƙi, ɗacin yana can nesa kamar maganar da ake yi a wani ɗaki. Ya rubuta kalmominsa biyu. Mutum biyu sun ce ta yi ɗaci, biyu sun ce da dama-dama, Fermín ya duba takardar Alƙali ya rufe magana. Onelia ta tsira da bencinta.

Washegari bayan an tashi, yana tsaye a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke tsakar gidan masana'antar, sai ya ga ta nufo shi. Ba ta taɓa yin haka ba. Gajeriyar mace ce mai furfura, yatsunta sun rine da ruwan ganye, tana riƙe da takardar rahoto da mai kula da zaure ya ba ta.

"Don Evelio, rubutunka ne wannan?"

"Ba a sa suna a takarda, Doña Onelia."

"Ni ma ba a sa suna a tabata, ya hana ka gane ta? Kada ka mayar da ni yarinya. Shekara talatin ina karɓar wannan tsutsar rubutun naka, ko da idon nan nawa da ya mutu rabi na san shi. Naka ne?"

"Nawa ne."

"To, na ɗauki ɗaya daga cikin damin nan na kai gida na kunna. Ko jakin surukina ba zai sha ta ba. Mura kake yi?"

"A'a."

"Harshenka ya mutu ne? In ya mutu ka faɗa, ba abin kunya ba ne, ni ma ga nawa idon."

Yana iya cewa e, ta tausaya masa su rabu lafiya. Amma ƙarya ɗaya ta ishe shi. Ya ce, "Gahawa na sha. Kofi uku, da sukari."

Ta kalle shi, irin kallon wanda ke ƙoƙarin ganin abu ta cikin hazo.

"Saboda ni?"

"Na ga wata uku kawai kike bukata, a yi miki aikin idon."

"Wa ya aike ka? Na roƙe ka?" Muryarta ba ta tashi ba. "Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, malam mai hankali. Likita ya duba ni tun Disamba, ba yana kaɗai ba ce, babu aikin da za a yi. Na san na gama. Na ce wa 'yata ba zan tashi don surutun mai kula da zaure ba, ba kuma don Nicasio da ba ya bambance taba da igiya ba. Na ce ranar da tsohon nan ya rubuta sau uku, ranar zan naɗe wuƙata ta yankan ganye in fita da kaina a sama, domin shi ba ya yi wa kowa alfarma. Jiya na zo da jakata a shirye."

"Doña Onelia, ni dai..."

"Tsaya, ban gama ba. Takardun nan naka duk suna nan, na tara su a gwangwanin biskit, tun ta farko. Da mijina ya mutu su na riƙa fitarwa ina dubawa, in ce ko ba komai akwai abu ɗaya da na iya a duniya, ga shaida daga wanda ba ya ƙarya. Yanzu ka gaya mini, a cikinsu wacce ce ta gaskiya, wacce ce ta gahawa?"

"Sau ɗaya ne. Jiya kaɗai."

"Haka ka ce," in ji ta. Ta ninke takardar, ta sa masa a aljihun riga, ta juya ta tafi.

Ranar Litinin ba ta zo ba. Ta aiko a ɗaukar mata wuƙarta da allon naɗinta, ta koma wurin 'yarta a Consolación del Sur. Masu naɗi sun saba buga wuƙaƙensu a kan allo don sallamar wanda ya yi ritaya, amma ba a buga mata ba, domin babu wanda ya san ranar tafiyarta.

Evelio ya je ya faɗa wa Fermín komai, ya nemi a sauke shi. Fermín ya rufe ƙofa ya ce, "Ka haukace ne, tsoho? Gahawa kofi uku cikin shekara talatin? In na kore ka a kan wannan, sai in kori ɗakin duka in kori kaina. Ban ji ba, ba ka faɗa ba. Je ka zauna." Hukuncin da ya nema don ya sami sauƙi, shi ma bai samu ba. Ya koma teburinsa, ya ƙara shekara tara yana fuskantar bango, ana kiransa Alƙali, ana bin takardarsa idan ra'ayi ya rabu, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Laifinsa, idan aka auna, ba cewa ya so ta ba ne, ba kuma cewa ya tausaya mata ba. Abin da ya yi shi ne ya yanke wa mace mai hankalinta hukuncin abin da za ta iya ɗauka, ba tare da ya tambaye ta ba, alhali taku arba'in ne tsakanin ɗakinsa da bencinta. Ya fi masa sauƙi ya ɓata harshensa da ya buɗe bakinsa.

A shekara ta biyu da tafiyarta ya rubuta mata wasiƙa mai shafi huɗu. Ya jera mata hujjoji cewa sau ɗaya ne, ya kawo ranaku da shekaru, ya bayyana irin ganyen kowace kaka da yadda ta sarrafa shi, don ta gane cewa mai wannan tunawa ba da toshasshen harshe ya ɗanɗana ba. Ya ba direban motar da ke zuwa Consolación, wani maƙwabcin 'yar tata. A lokacin Onelia ba ta iya karatu, 'yar ce ta karanta mata.

Bayan kwana goma direban ya tsayar da mota a bakin titi, ya leƙo ta taga ya kira shi.

"Don Evelio! Saƙonka ya isa. Tsohuwa ta ce a gaya maka ta ji."

Evelio ya sauko daga baranda ya matso. "Sai me kuma?"

"Shi ke nan. Ta ce ta ji."

"Ba ta ce ta yarda ba?"

"Ni dai abin da aka ba ni na kawo, tsoho. In kana son sauran, ga kujera nan babu kowa, minti arba'in ne."

Evelio ya dubi kujerar. Fasinjoji suka soma gunaguni, wata mata mai kaji a kwando ta ce ko a tafi ko a sauke ta. Ya ja da baya ya hau gefen titi, ya ce gobe Alhamis, yana da aiki da safe. Direban ya ɗaga kafaɗa ya ja motarsa.